Ɗakin Littattafai na Kaisariya: Yadda Ikkilisiya Ɗaya Ta Riƙe Iliminta Daga Tsara Zuwa Tsara

Gabatarwa

A ɗakin karatu na jami'ar Laifzig, a ƙasar Jamus, akwai fallaye 43 na wani tsohon Littafi Mai Tsarki na Helenanci da masana ke kira Kodeks Sinaitikus. An rubuta shi a kan fata a ƙarni na 4, an kuma same shi a gidan masu zuhudu na Dutsen Sina'i. A ƙarshen littafin Esta, wani mai gyara da ya zo bayan shekaru ɗari biyu ko uku ya bar ɗan bayani. Ya ce ya gwada wannan kwafi da wani tsohon kwafi ƙwarai wanda shahidi Famfilus ya gyara da hannunsa. Ya kuma kwafo abin da Famfilus ɗin ya rubuta a ƙarshen nasa: cewa an ɗauko rubutun daga babban aikin Orijin, wani mai suna Antoninus ne ya yi gwajin, shi Famfilus kuma ya yi gyaran, a cikin kurkuku.

Mu lura da abin da ɗan bayanin nan ya ƙunsa. Ya faɗi inda aka samo rubutun, wanda ya duba shi, wanda ya gyara shi, da wurin da aka yi aikin. Mutumin da ke tsare, wanda bai san ko zai fita da rai ba, bai yarda ya saki kwafi ba tare da ya bar wa na baya hanyar gane asalinsa ba. Wannan ɗabi'a ce da aka koya a wani gida, wato ɗakin littattafai na ikkilisiyar Kaisariya a ƙasar Falasɗinu, wanda ya yi suna fiye da kowane ɗakin littattafai na Kirista a zamanin dā.

A wannan darasi za mu bi tarihin gidan nan daga wajen shekara ta 232 har zuwa ƙarni na 7. Abin da nake so mu gani shi ne, ɗabi'un mutanen gidan su ne suka riƙe ilimin: yadda suke aiki tare, yadda suke nuna asalin kowane rubutu, yadda suke horar da na baya, da yadda suke sakin littafi ya fita. Za mu kuma ga inda waɗannan ɗabi'u suka yi rauni, da irin hasarar da ikkilisiya ta yi.

Orijin da ma'aikatansa

Mai karanta Ayyukan Manzanni ya san Kaisariya. Hirudus Babba ne ya gina ta a bakin Bahar Rum, nan ne kuma mazaunin gwamnonin Roma. A nan Bitrus ya shiga gidan Karniliyus, a nan Filibus mai bishara ya zauna, a nan kuma Bulus ya yi shekara biyu a tsare.

An haifi Orijin a Iskandariya ta Masar wajen shekara ta 185. An kashe mahaifinsa saboda bangaskiya yana ɗan shekara goma sha bakwai ko ƙasa da haka. Da ya soma koyar da masu neman baftisma, sai ya sayar da littattafan adabin Helenawa da ya tara, mai sayen kuma yana ba shi 'yan kuɗi kaɗan kowace rana, abin da zai ci kawai. Daga baya saɓani ya shiga tsakaninsa da bishop ɗin Iskandariya, Dimitiriyus, sai ya ƙaura zuwa Kaisariya wajen shekara ta 232, inda bishop-bishop na Falasɗinu suka riga suka naɗa shi dattijon ikkilisiya. Ya buɗe makaranta a can. Ɗaya daga cikin ɗalibansa ya bar mana jawabin ban kwana da ya yi masa, inda ya nuna cewa malamin yakan sa su karanta littattafan masana falsafa iri iri, su auna su, kafin su kai ga zurfin Nassi.

Orijin bai yi aiki shi kaɗai ba. Wani attajiri mai suna Ambros, wanda Orijin ya dawo da shi daga koyarwar ƙarya, ya ɗauki nauyin ma'aikata tun suna Iskandariya. Yusibiyus ya gaya mana cewa akwai masu rubutun sauri fiye da bakwai da ke karɓar juna yayin da malamin ke shifta, da masu kwafa kamar wannan adadi, da kuma 'yan mata waɗanda suka ƙware a kyakkyawan rubutu. Kowa da matakinsa: mai kama magana daga baki, mai mayar da ita cikakken rubutu, mai fitar da kwafi mai tsabta. Bayan Orijin ya haura shekara sittin, ya yarda masu rubutun sauri su riƙa ɗaukar wa'azinsa a majami'a, abin da bai yarda da shi ba a dā. Saboda wannan izini ne muke da wa'azinsa masu yawa a yau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ilimin mutum ɗaya kuma, kome zurfinsa, yakan tafi kabari tare da shi in ba a tanadi masu kama shi ba.

Heksafla da alamominta

Babban aikin da ya zama tushen ɗakin littattafan shi ne Heksafla, ma'ana mai sahu shida. Kiristocin zamanin suna karanta Tsohon Alkawari a fassarar Helenanci da ake kira Saftuwajinta. In suka yi muhawara da malaman Yahudawa, sau da yawa akan ce musu ayar da suka kawo ba haka take a Ibrananci ba. Orijin ya jera rubutun sahu sahu daga sama zuwa ƙasa, kalma kusa da kalma: Ibrananci, Ibrananci cikin haruffan Helenanci, fassarar Akila, ta Simakus, Saftuwajinta, da ta Tiyodotiyon. A Zabura ya ƙara waɗansu fassarori da ya samo, ya kuma rubuta inda ya same su. Ɗaya a garin Nikafolis aka samo ta, wata kuma a cikin tulu a Yariko. Masana na zamaninmu sun yi kiyasi cewa aikin ya kai kundi kamar arba'in.

Da ya ga bambanci tsakanin Saftuwajinta da Ibrananci, bai goge kome ba. Ya ari alamomin da masanan Iskandariya ke amfani da su wajen gyaran waƙoƙin Homa. Inda Saftuwajinta take da magana wadda babu ita a Ibrananci, ya sa ɗan layi a kwance a gabanta. Inda Ibrananci yake da magana wadda babu ita a Saftuwajinta, ya ɗauko ta daga sauran fassarorin, galibi daga Tiyodotiyon, ya sa mata alamar tauraro. A littafin Ayuba, alal misali, tsohuwar fassarar Helenanci ta gaza Ibrananci da kusan kashi ɗaya cikin shida, don haka taurarin sun yi yawa a can. Mai karatu yana iya ganin abin da aka tarar da abin da aka ƙara, ya yanke hukunci da kansa. Ɗabi'ar farko ta gidan ke nan: mai gyara ya nuna hannunsa, kada ya ɓoye shi.

A tsananin da sarki Desiyus ya tayar a shekara ta 250 aka kama Orijin, aka azabtar da shi. An sake shi, amma bai warke ba, ya rasu wajen shekara ta 254.

Famfilus: mai tarawa da mai rabawa

Bayan rasuwar Orijin an yi shekaru kamar talatin kafin a sami wanda ya ɗauki aikin gadan gadan. Famfilus ɗan masu arziki ne daga Berut. Ya yi karatu a Iskandariya a hannun Fiyeriyus, wanda ake yi wa laƙabi da ƙaramin Orijin, sa'an nan ya zo Kaisariya aka naɗa shi dattijo. Bai taɓa zama ɗalibin Orijin ba. Duk da haka ya kashe dukiyarsa wajen neman rubuce-rubucen malamin duk inda suke, wanda bai samu ya saya ba kuma ya zauna ya kwafa da hannunsa. Jerom, wanda ya zo bayan kusan shekara ɗari, ya ce ya mallaki kundi 25 na sharhin Orijin a kan ƙananan annabawa goma sha biyu da rubutun hannun Famfilus, yana ganinsu kamar dukiyar sarakuna. Tun da sai da Famfilus ya sha yawon nema haka, za mu iya gane cewa abin da babban malami ya bari ba ya tsare kansa.

Abu uku Famfilus ya kafa a gidan. Na ɗaya, jerin sunayen littattafai. Yusibiyus ya sa wannan jeri a cikin tarihin rayuwar Famfilus da ya rubuta. Wannan tarihin ya ɓace, amma Jerom ya riga ya ɗebo sunayen ayyukan Orijin ya sa a wata wasiƙarsa, ta nan ne muka san yawan abin da Orijin ya rubuta, har da waɗanda ba su iso gare mu ba. Na biyu, gwajin kwafi da mutum biyu: ɗaya yana bin asali, ɗaya yana gyara, sa'an nan su sa sunayensu a ƙarshe. Irin wannan bayani mai ɗauke da sunan Famfilus, wani lokaci tare da na Yusibiyus, ya wanzu a tsofaffin kwafi da dama. Na uku, buɗe hannu. An shaida cewa Famfilus yakan tanadi kwafin Nassi da yawa a ajiye, yana ba da aro, yana kuma bayarwa kyauta ga maza da mata waɗanda ya ga suna son karatu.

Gidansa ya zama makaranta inda samari ke zaune tare da shi, suna karatu, suna kwafa, suna addu'a. Sai babban tsanani ya zo. A watan Fabrairu na shekara ta 303 sarki Diyokletiyan ya ba da doka a rushe majami'u, a ƙone Littattafai Masu Tsarki. Yusibiyus ya ce da idonsa ya ga ana ƙona su a tsakiyar kasuwa. A Afirka ta Arewa, maganar shugabannin da suka miƙa littattafai ga hukuma ita ce ta haifar da tsagewar Donatawa. Littattafan Kaisariya sun tsira, amma mutanen gidan da yawa ba su tsira ba. An kama Famfilus a ƙarshen shekara ta 307. Ya yi fiye da shekara biyu a kurkuku, a can ya ci gaba da gyaran Nassi, a can kuma shi da Yusibiyus suka rubuta littattafai biyar na kāre Orijin daga masu zarginsa. An fille kansa a watan Fabrairu na shekara ta 310. A ranar, wani saurayi baran gidansa mai suna Forfiri, wanda bai cika shekara goma sha takwas ba, gwanin kyakkyawan rubutu, ya ɗaga murya a gaban gwamna ya roƙi a ba da gawarwakin a binne. Aka kama shi, aka ƙone shi da wuta.

Yusibiyus: mayar da ajiya ta zama kayan aiki

Dalilin da ya sa aikin bai mutu tare da Famfilus ba shi ne ya riga ya horar da magaji. Yusibiyus, wanda aka haifa wajen shekara ta 260, ya yi shekaru yana gwada kwafi a gefen malaminsa, har ya ɗauki sunansa ya haɗa da nasa, ana kiransa Yusibiyus na Famfilus. Ya zama bishop ɗin Kaisariya wajen shekara ta 313, ya riƙe kujerar har ya rasu a shekara ta 339.

Ya ci gaba da tarawa. Ya ce ya tattara wasiƙun Orijin fiye da ɗari, ya shirya su kundi kundi don kada su sāke watsewa. Ya kuma yi amfani da ɗakin littattafan da bishop Iskandar ya kafa a Urushalima. Amma babbar gudummawarsa ita ce ƙirƙiro hanyoyin da mutum zai sami abin da yake nema. A Tarihin Ikkilisiya, mai littattafai goma, ya bi hanyar da marubutan tarihi na Helenawa ba su saba da ita ba. Su sukan tsara jawabi su sa a bakin mutanen da suke ba da labarinsu. Shi kuwa yakan kwafo takardar kanta, ya faɗi wanda ya rubuta ta da littafin da ya ɗauko ta. Saboda haka ne muke da maganganun Fafiyas da Hejesifus, da wasiƙar ikkilisiyoyin Liyon da Biyen game da shahidan shekara ta 177, alhali asalin takardun sun ɓace. Ya shirya jadawalin shekaru wanda ya jera sarakunan al'ummai dabam dabam sahu sahu, har da tarihin Ibraniyawa, ya kuma rubuta littafin sunayen wuraren da ke cikin Nassi.

Akwai aikinsa da ɗalibin tauhidi zai iya taɓawa da hannu yau. A zamaninsa babu surori da ayoyi irin namu. Surori sun zo a ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari kuma a shekara ta 1551. Yusibiyus ya raba Bisharu huɗu gutsure gutsure, ya sa wa kowanne lamba: 355 a Matiyu, 233 a Markus, 342 a Luka, 232 a Yahaya. Sa'an nan ya shirya jadawali goma. Na farko ya ƙunshi abin da dukan huɗun suka ba da labarinsa, kamar ciyar da mutum dubu biyar. Na goma ya ƙunshi abin da marubuci ɗaya kaɗai ya kawo, kamar misalin Basamariye mai tausayi a Luka. Sauran takwas ɗin na abin da uku ko biyu suka yi tarayya a kai ne. Wannan tsari ya shiga kwafin Latin, Suriyanci, Armeniyanci da na Habasha. Wanda ke da Sabon Alkawari na Helenanci bugun Nestle-Aland ya duba gefen shafi na ciki a Bisharu, zai ga lambobin nan har yanzu.

Sunan gidan ya kai fada. Bayan sarki Kustantin ya kafa sabon birninsa a shekara ta 330, ya rubuto wa Yusibiyus yana neman kwafi hamsin na Littattafai Masu Tsarki a kan fata mai kyau, masu sauƙin karantawa, da hannun gwanayen marubuta. Ya umarci jami'in kuɗi ya ba da kayan aiki, ya kuma ba da izinin amfani da kekunan doki biyu na gwamnati don kai su. Gidan da aka kashe shugabansa shekaru ashirin da 'yan kai da suka wuce, shi ne aka ga yana da ma'aikatan da za su iya wannan aiki.

Kada mu ɗauka Yusibiyus ba shi da aibi. Ya karɓi wasiƙun da aka ce Yesu da sarki Abgar na Edessa sun yi musaya, don an ce daga taskar takardun birnin suka fito, masana kuwa sun tabbatar ba na gaskiya ba ne. Ya karkata wajen Ariyus kafin taron Nikiya na shekara ta 325, yabon da ya yi wa Kustantin kuma ya wuce kima. Amma da yake yakan faɗi inda ya samo abu, shi da kansa ya ba mu makamin da za mu auna shi.

Sabuntawa, sakaci da ƙarshe

Yawancin littattafan Orijin da Famfilus a kan fafirus aka rubuta su, wato takardar da ake yi da wata ciyawa ta bakin kogin Nilu. A busasshen rairayin Masar takan daɗe, amma a gari mai laima kamar Kaisariya takan lalace. Jerom ya ba da labari cewa magadan Yusibiyus biyu, Akakiyus da Yuzoyus, sun sa an mayar da littattafan da suka soma lalacewa a kan fata. Wani kwafin rubuce-rubucen Filo, malamin Yahudawa na Iskandariya, da ke birnin Biyana a yau, yana ɗauke da bayani cewa bishop Yuzoyus ne ya sa aka sabunta su. Waɗannan bishop biyu suna gefen da bai yarda da koyarwar Nikiya ba, an ma kori Yuzoyus daga kujerarsa a zamanin sarki Tiyodosiyus. Duk da rikicin koyarwa, sun ɗauki kiyaye littattafan a matsayin aikin kujerar da suka gāda, Jerom kuma, wanda ke ɗaya gefen, ya zo ya amfana da su.

Sai dai wata ɓaraka ta shiga ta inda ba a zata ba. Heksafla ta yi girma ƙwarai, don haka Famfilus da Yusibiyus suka fitar da sahu na biyar shi kaɗai, tare da alamominsa, ya bazu a ikkilisiyoyi. Masu kwafa na nesa, waɗanda ba su zauna a gidan ba, ba su san amfanin taurari da layukan ba. Waɗansu suka sa su a inda ba daidai ba, waɗansu suka zubar da su gaba ɗaya. Jerom kansa ya yi kuka da wannan sakaci. Sakamakon shi ne, abin da Orijin ya ƙara ya gauraya da tsohon rubutu, aikin da aka yi don a rarrabe ya zama sanadin cakuɗewa. Rubutun ya yi tafiya, amma sanin yadda ake karanta shi ya tsaya a Kaisariya. Har yau masana Saftuwajinta suna fama da warware wannan.

A shekara ta 543 sarki Justiniyan ya la'anci koyarwar Orijin, aka kuma ƙarfafa hukuncin a zamanin taron shekara ta 553. Daga nan masu kwafa suka ja da baya daga littattafansa, yawancinsu suka ɓace a Helenanci. Ƙarni na 7 ya zo da yaƙe-yaƙe: Farisawa suka mamaye Falasɗinu a shekara ta 614, Larabawa kuma suka ci Kaisariya wajen shekara ta 640. Daga wannan ƙarni ba a ƙara jin labarin ɗakin littattafan ba. Isido na Sabil ya rubuta cewa Famfilus ya tara kundi kusan 30,000. Ko da adadin ya yi yawa, babu ginin a yau, babu kuma cikakkiyar Heksafla.

Abin da ya tsira shi ne abin da ya fita daga gidan. Rufinus da Jerom sun fassara ayyukan Orijin da dama zuwa Latin. A shekarun 616 da 617 bishop Bulus na Tella ya fassara sahu na biyar zuwa Suriyanci kusa da Iskandariya, ya kiyaye alamomin da kyau. A shekara ta 1896 Jobanni Markati ya gano gutsuren Heksafla na Zabura a Milan, a ƙarƙashin wani rubutu da aka yi a kan tsohuwar fatar da aka kankare. A shekara ta 2012 kuma, wata ma'aikaciya da ke shirya jerin tsofaffin littattafan Helenanci a ɗakin karatu na jihar Babariya a Munik ta gano wa'azin Orijin 29 a kan Zabura, cikin kundin da ya yi ɗaruruwan shekaru babu sunan marubuci a kansa. Aikin jera littattafai, wanda mukan raina, shi ne ya dawo da su.

Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa masu hidima, ba mu da Heksafla a hannunmu, amma kowannenmu an ba shi amanar wani ilimi. Akwai rajistar baftisma da ta aure, littafin rahoton taron dattawa, takardun fili, littattafan da fasto ya tara, da abin da tsofaffin masu bishara suka sani game da yadda aka kafa ikkilisiyar. A wata ikkilisiya da na yi hidima ina sabon fasto, rikicin iyaka ya taso da maƙwabci. Muka buɗe akwatin takardu muka tarar gara ta cinye rabinsu. Dattijo ɗaya tak da ya ga ranar da aka ba da filin ya rasu shekara biyu kafin zuwana, ba wanda ya taɓa zama ya rubuta abin da ya sani. Muka rasa sashen filin. Laifin ba na gara ba ne.

Bulus yana kurkuku ya roƙi Timoti ya kawo masa littattafai, musamman na fata (2 Timoti 4:13), ya kuma umarce shi ya danƙa abin da ya ji ga amintattun mutane waɗanda za su koya wa waɗansu (2 Timoti 2:2). A zamanin Yosiya, littafin Shari'a ya ɓace a cikin Haikali kansa (2 Sarakuna 22). Tarihin Kaisariya ya nuna mana yadda ake cika umarnin Bulus a aikace. A rubuta jerin abin da ake da shi, a ajiye kwafinsa a wani wuri dabam. Wanda ya rubuta rahoto ko ya yi gyara ya sa sunansa da kwanan wata, wani kuma ya duba. A sabunta takarda tun ba ta mutu ba, ko da ɗaukar hotonta da waya ne, muddin an ajiye hoton inda na baya zai same shi. A zauna da tsofaffi a ɗauki maganarsu. Fasto mai barin wuri ya miƙa takardu hannu da hannu, ya kuma bayyana wa magajinsa tsarin da aka bi, don kada alamomin su zama kamar taurarin Orijin a hannun wanda bai san su ba. Ɗakin karatun da kullum yake kulle, maɓalli yana aljihun mutum ɗaya, bai bi hanyar Famfilus ba. A ba da aro, a rubuta sunan mai aro, a bi sawu.

Duk waɗannan ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Suna bukatar shugaba wanda zai yi su da kansa, na ƙasa da shi suna gani, kamar yadda Yusibiyus ya ga malaminsa yana gyaran Nassi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa Orijin ya sa alamomi maimakon ya gyara rubutun kai tsaye? Yaya wannan ya shafi yadda muke ambaton asalin abin da muke faɗa a wa'azi?

2. Akakiyus da Yuzoyus sun kiyaye littattafai duk da saɓanin koyarwa. Mene ne hakkinmu game da takardun shugabannin da suka riga mu, waɗanda ba mu yarda da su ba?

3. Lissafa takardun da ke hannun ikkilisiyarka. Ina suke, wa ke riƙe da su, wanne ne kuma ba shi da kwafi na biyu?

4. Wane dattijo ne a ikkilisiyarka ya san abin da ba a rubuta ba? Sa ranar da za ka zauna da shi kafin ƙarshen wannan zangon karatu.